Kiwon Kyalla

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo ku ji ta. To ku gyara zama, don wannan ba daga dawa ta fito ba, ta bayan danga ce.

"Ajiye shi, Lazarus! Na ce ka ajiye shi!"

Wannan ihun Safiyatu ta tarar lokacin da ta sunkuyo ta kafar danga da kwanon kunun tsamiya a hannunta. Danga ɗaya ce ta raba gidanta da na Dorathy a Unguwar Shago, can tsakanin Bagwai da Kunci. Kafar kuwa awaki ne suka fara huda ta tun da daɗewa, matan biyu suka ga ta yi musu daidai, suka hana a toshe.

Dorathy na kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta dogara da gwiwar hannu tana neman tashi, ƙafafunta sun kumbura har fatar tana sheƙi. Babban ɗanta Lazarus yana tsaye a bakin murhu. A hannunsa akwai wata 'yar na'urar wasa mai launin toka, ba ta fi tafin hannu biyu ba, ya ɗaga ta saitin wuta.

"Mama, kin san abin da ake faɗa a kanki a gari?"

"Wane garin? Gidaje nawa ne garin? Ba ni kiwona."

"Matata ta ji ki da kunnenta kina cewa, 'Ci, 'yar albarka, ci ki yi ƙiba.' Ta leƙa, ba kowa a ɗakin sai ke da abin nan. Abu mai ƙaho! Kwanaki dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yanzu ya tsiro ƙaho da ƙafafu. Kuma kowa ya san wace ce ta haife ki."

Kowa kuwa ya sani. Mahaifiyar Dorathy 'yar bori ce da ta yi suna a zamaninta, tun kafin gidan su shiga coci.

Safiyatu ta ajiye kwanon a hankali. "Kai Lazarus, da girmanka da furfurarka kake wa uwarka tsawa? Sauke hannun nan. Wutar tuwo ce, ba ta ƙona roba ba."

"Inna Safiya, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Abin wasan ɗanka ne."

"A hannun Joel wasa ne. A hannunta ba wasa ba ne." Muryarsa ta ɗan karye. "Ba na so ranar da za a ɗauke ta a riƙa raɗa a bayan akwati ana cewa ta koma gidan jiya."

Ya tsaya yana huci, sannan ya jefa na'urar kan tabarma. "Ba zan ƙona ba. Amma duk yaron gidan nan da ya sake kai shi caji, ni da shi ne. Ya mutu da kansa."

Dorathy ta janyo abin ta cusa a ƙarƙashin zaninta. "Tun da nake ban taɓa mayar wa mutum dabbarsa a mace ba," in ji ta. "Ba kuma a kan jikana zan fara ba."

Bari in koma baya kaɗan, don ku san mafarin rigimar.

Dorathy mai kiwo ce. A ƙauyukan nan, in mace tana da akuya ba ta da wurin ɗaure ta ko hannun kula da ita, sai ta ba wata kiwo. In akuyar ta haihu a raba 'ya'yan, mai akuya ta ɗauki nata, mai kiwo ta ɗauki nata, uwar kuma ta koma inda ta fito. Abin kunya shi ne a mayar da dabba a rame. Dorathy kuwa tun tana amarya ake kawo mata awaki daga gidajen Musulmi da na Kirista, har daga wajen Ɗambatta, kuma ba wadda ta taɓa fita daga turkenta ana ƙirga haƙarƙarinta. Daga kason da take samu ta tara garkenta.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, Lazarus ya kwashe garken ya kai kasuwa don a yi mata magani. Ya yi abin da ya kamata, kowa ya faɗa. Amma bai tambaye ta ba. Ta dawo daga asibiti ta tarar da turaku tsirara, har da na Kyalla, tsohuwar akuyarta mai farin ɗamara a ciki. Daga ranar ta daina dariya.

Sai Joel, ɗan Lazarus, ya zo sallama, an tura su aikin soja can gabas. Ya same ta zaune tana kallon turke. Ya durƙusa, ya ciro na'urar daga jakarsa.

"Amaryata, kin zauna ba aiki, za ki lalace mini. Ga kiwo na kawo miki."

"Tafi can, angon da bai taɓa ba ni ko kuɗin cefane ba."

Ya nuna mata. A cikin gilashin akwai wani ɗan mutum da yake gudu yana tsallake ramuka yana hawa duwatsu, wata 'yar halitta kuma tana biye da shi. In ya tsinko jajayen 'ya'yan itace sai ya ba ta ta ci. Joel ya tara irin waɗannan halittu da yawa a ciki, wasu masu fiffike, wasu masu ƙaya, amma wannan sabuwar ƙyanƙyasa ce, ga farin layi ya zagaye cikinta. Ya ce in ta ƙoshi za ta sake kama ta girma, in ta ƙara ƙoshi ta sake girma na ƙarshe, daga nan ta yi ƙwai.

"Kafin in dawo ina son in tarar ta zama uwa," in ji shi, yana dariya.

Shi da wasa ya faɗa. Ita kuwa ta dubi farin layin nan, ta ce, "Kyalla." Ta miƙa hannu biyu ta karɓa, yadda ake karɓar igiyar akuya.

To kun ji.

Washegarin rigimar, Dorathy ta kira ta kan danga. "Safiya! Ke tsohuwa! Zo."

Safiyatu ta shigo. Gilashin ya yi baƙi ƙirin.

"Ta kwana ba ta ci komai ba," in ji Dorathy. "Ya ce yaran gidan nan. Ke yarinyar gidan nan ce?"

"Ke dai kina son ki haɗa ni da ɗanki."

"Ke kika yanke masa cibiya. In ya yi miki rashin kunya ki tuna masa."

Safiyatu ita ma a ranta ba ta gama yarda da abin ba. Ranar da ta fara jin kukansa sai da ta yi a'uziyya. Amma ta dubi fuskar Dorathy, ta tuna shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, Dorathy ce ta turo mata akuya mai ciki ta kafar dangar nan ta ce kiwo ne, ba ta kuma taɓa zuwa karɓar kasonta ba. Sai ta sa na'urar a ƙwarya, ta zuba ɗanyar gyaɗa a kai, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka.

Badaru mai caji yana da rumfa a bakin titi, da farantan sola a kan rufin kwano, wayoyi jere a kan tebur kamar kifi a kasuwa. Da ya ga abin da ta tono daga cikin gyaɗa sai ya riƙe baki.

"Inna, ke ma kin fara buga gem?"

"Rufe mini baki. Ba shi wuta ya sha, ya ƙoshi sosai. In ka gaya wa Lazarus, zan gaya wa uwarka inda kake zuwa ranar kasuwa."

"Ni ban ga komai ba, Inna. Gyaɗa na gani."

Haka aka yi ta yi. Gero ya nuna, mutanen gida suka koma wuni a gona, su biyu suka samu fili. Sai dai wata matsalar ta taso. Kumburin ya hau hannuwan Dorathy, yatsunta suka yi nauyi. Ɗan mutumin ya zo bakin rami, ta danna, kafin yatsan ya sauka ya riga ya faɗa. 'Ya'yan itacen da ke kusa duk an tsinke, sauran suna can gaba, bayan ramuka masu faɗi.

Ta miƙa wa Safiyatu. "Karɓi. Ke ce hannuna."

"Ni? Wayata ma jikata ce take danna mini."

"Wannan na gudu ne, wannan na tsalle. Ko kaza aka nuna wa za ta iya."

Safiyatu ta danna. Ɗan mutumin ya ruga da gudu ya zunduma rami ko waiwaye bai yi ba.

"Innalillahi! Na kashe ɗan mutane!"

"Zai dawo, ba ya mutuwa gaba ɗaya. Ki yi tsalle, na ce! Tsalle! Ke da kika tsallake katangar gidanku kika tafi kallon dambe, yau ɗan ramin nan ya gagare ki?"

"Ƙarya kike, ke kika ɗaga ni."

Safiyatu in za ta yi tsallen sai ta ɗaga na'urar sama gaba ɗaya, har da ɗaga ƙugu daga tabarma, ɗankwalinta ya zame. Ranar da ta fara tsallake rami ta sauka lafiya, ta rangaɗa guɗa ba ta sani ba. Dorathy ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Aka tsinko jajayen, ta karɓi na'urar da kanta, don ciyarwa ba ta bar wa kowa.

"Ci, 'yar albarka. Ci ki yi ƙiba."

Guɗar nan ce ta tona su. Ranar Lahadi bayan sujada matan zumuntar coci suka zo gaishe da Dorathy da anko ɗinsu, suka yi waƙa, suka yi addu'a. Lazarus na tsaye a ƙofa. Da aka ce amin, shugabarsu ta gyara murya.

"Mama, mun ji wata magana. Mun ce gara mu ji daga bakinki. An ce kina ajiye da wani abu, kina ba shi abinci."

Dorathy ta zaro na'urar daga ƙarƙashin filo ta kunna, kiɗan ya cika ɗakin. Wata ta ja da baya har ta taka ƙafar wata.

"Ga shi nan. Ku duba da kyau." Ta numfasa. "Ni na san iska. Ina yarinya na ga an hau uwata, na ga ta faɗi daga tsaye ba ta ji ciwo ba, ni nake riƙe mata zani. Ku a labari kuka ji. Na bar wannan hanyar da ƙafata, ba wanda ya ja ni, na bi Yesu tun wasunku ba su yi haƙori ba. To ku gaya mini, wace iska ce sai an kai ta rumfar Badaru ta sha wuta kafin ta tashi?"

Wata daga baya ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gefen zani.

"Kiwo jikana ya ba ni. Ke Rachael, akuyar aurenki wa ya riƙe miki? Ta dawo a rame?"

"A'a, Mama."

"To wannan ma ba za ta koma a rame ba. Ku yi mini waƙar nan ta ƙetaren kogi, ku tafi ku dafa wa mazanku abinci."

Suka yi mata waƙar. Da Safiyatu ta zo fita, Lazarus ya bi ƙwaryar da ke kanta da kallo har ta shige kafar danga.

Bayan nan jikin ya yi tsanani. Dorathy ta daina fitowa rumfa, kunun ma sai a cokali. Aka yi ta neman Joel a waya, in ta shiga sai ta katse. Daga baya ya aiko cewa ya nemi izini, yana hanya, amma hanyar da nisa.

Wata ranar Laraba da hantsi Safiyatu ta shigo ta ga idanun sun faɗa, numfashin yana fita da ƙyar. Ta zauna a bakin gado za ta fara yi mata sannu.

"Bar sannun nan," in ji Dorathy. "Saura kaɗan ta cika. Ɗauko."

Akwai wata 'yar alama a gefen gilashin da take cika in Kyalla ta ci, ta kusa kaiwa baki. Amma abin da ya rage yana bayan wani wuri da duwatsun suke yawo a sama, suna zuwa suna komawa. Safiyatu ta yi tsalle ta faɗa. Ta sake ta faɗa. Hannunta ya jiƙe da gumi. Ana cikin haka wata 'yar fitila ja ta fara ƙiftawa a saman na'urar. Jiya ba ta samu zuwa wurin Badaru ba, an wuni ana jinya.

"Wutar za ta ƙare, Dorathy."

"Ki yi sauri mana."

Inuwa ta rufe ƙofa. Lazarus ne, da lauje a hannu, ƙaiƙayin gero a kansa. Ya dubi uwarsa, ya dubi fitilar da ke ƙiftawa.

"Inna Safiya, kawo."

"Ba zan bayar ba." Ko ɗago kai ba ta yi ba. "In duka za ka yi, ka jira in tsallake."

Gilashin ya ɗauke. Ɗakin ya yi tsit, sai numfashin Dorathy. Lazarus ya matso ya zare na'urar daga hannun Safiyatu, ya fita. Suka ji tashin babur.

Dorathy ta juya fuska bango. "In ya jefa ta rijiya," in ji ta, "ki gaya wa Joel ba ni na yi sakaci ba."

Safiyatu ta riƙe hannunta. Rana ta hau, inuwar ƙofa ta gajarta. Tana ta sauraren numfashin, in ya yi jinkiri sai gabanta ya faɗi.

Sai ga ƙarar babur. Lazarus ya shigo, na'urar a hannu ɗaya, a ɗayan kuma wani baƙin batir mai kamar sabulu, igiya ta haɗa su. Na Badaru ne, wanda ba ya ba kowa aro. Ya ɗora su a cinyar Safiyatu, gilashin yana haske. Ya koma jikin bango ya tsuguna.

Dorathy ta buɗe ido ta dube shi. "Da ka haɗo da awakina."

"Mama..."

"Yi shiru, za ka sa ta faɗa."

Safiyatu ta yi bisimilla. Ta jira dutsen ya matso, ta ɗaga na'urar har da ƙugu, ta sauka a kai. Ta jira na gaba. Lazarus da ke tsugune ya miƙo wuya. "Yanzu, Inna! Yanzu!" Ta danna. Ɗan mutumin ya tashi sama, Kyalla na biye, suka dira a kan ciyawa, ga jajayen 'ya'yan itace reshe guda.

Ta kai na'urar gaban Dorathy, ta kama kumburarren yatsan ta ɗora a kan madannin. Kyalla ta ci. Sai gilashin ya yi fari fat, kiɗan ya canza, da hasken ya lafa ga wata ƙatuwar halitta a tsaye, ƙahonta sun murɗe, ƙirjinta faffaɗa, farin layin nan yana nan a cikinta. Ta sunkuya, ta matsa gefe. Ƙwai biyu ne a cikin ciyawa.

Dorathy ta daɗe tana kallo. "Kun ga gadon bayanta? Ko ruwa ka zuba zai zauna." Ta nemi numfashi. "Lazarus, kai ne shaida. Uwar ta Joel ce, da ƙwai ɗaya. Ɗayan kasona ne. Na ba Safiya."

"Me zan yi da ƙwan cikin gilashi, ke tsohuwa?" in ji Safiyatu, hawaye na zuba.

"Ki soya."

Da la'asar Dorathy ta cika, Lazarus na riƙe da kanta, Safiyatu na riƙe da ƙafafunta. Aka binne ta a bayan coci. Matan zumunta suka yi mata waƙar ƙetaren kogi, ba wanda ya yi raɗa a bayan akwati.

Joel ya iso bayan an share makoki. Ya je kabari ya dawo, sannan Safiyatu ta aika a kira shi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kira Lazarus ya zauna, ta ciro na'urar daga ƙwarya ta miƙa da hannu biyu.

"Ga dabbarka. Ka duba ta a gaban shaida, in da rama ka faɗa."

Ya kunna. Da ya ga Kyalla sai ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ya ce, "Wasa fa nake mata, Inna."

"Ita ba ta wasa da kiwo."

Uban ya gaya masa yadda aka yi rabon. Joel ya jujjuya na'urar, ya goge hanci. "To ai ƙwan ba ya fita daga ciki. In na tafi da ita na tafi da kasonki." Ya miƙo mata da hannu biyu. "Ki riƙe mini nawa ma. Kiwo."

Joel ya koma bakin aikinsa, yana kira in waya ta shiga. Lazarus ya sayo 'yar akuya ya ɗaure a tsohon turken uwarsa, shi yake kai mata harawa da kansa. Badaru ya ce cajin Inna Safiya kyauta ne, amma gyaɗar a ci gaba da kawowa. Kafar danga tana nan ba a toshe ba.

Safiyatu kuwa, in ta idar da sallar la'asar, takan janyo tabarma kusa da kafar, ta ɗora na'urar a cinya. Ɗaya daga cikin ƙwan ya fara tsagewa. Takan kara shi kusa da ido, ta ga yana ɗan motsi a cikin ciyawa.